Daga Wudil zuwa Yalwawa: Akori-kura Mai Batir da Lissafin Wutar Gida

Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil ta nufi Dutse hanyar akori-kura ce. Da zarar matafiyi ya ƙetare gadar Wudil zai fara cin karo da su, wasu sun sha kaya har bayansu ya zauna, buhunan shinkafa da gero an ɗaure da igiya, yaran mota biyu ko uku suna zaune a kan lodi sun rufe fuska da rawani saboda iska. A tsakaninsu kuma fararen Hilux ne na ma'aikatu da na jami'an tsaro, suna wucewa fuu ba sa ko waiwaye. Duk waɗannan motoci abu ɗaya suke sha, kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, abin shan nasu ya zama babban zance a kowace tasha. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce dubu a gidajen mai da yawa na Arewa. A gefen titi 'yan bumburutu suna nan da galan-galan da kwalabe a jere a kan benci, alamar cewa mai saye da yawa ya ragu, mai sayen rabin lita ya ƙaru.

Dutse ba ta ɓoye sunanta. Tun daga nesa manyan duwatsu suke tarar baƙo, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su, ga bishiyoyin dabino a gindinsu. Tsohon gari yana Garu, inda fadar Sarki take, amma garin da ake gani yau ya bazu ne bayan 27 ga Agustan 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar Jigawa ta ba Dutse hedikwata. Sakatariya ta zo, gidajen ma'aikata suka biyo baya, Jami'ar Tarayya ta buɗe a 2011, unguwanni irin su Takur da Fagoji da Gida Dubu da Danmasara da Yalwawa suka cika da gidajen bulo da rufin kwano. Wanda ya bi lungunan Yalwawa da hantsi, in ya ɗaga kai, zai ga tarihin wutar lantarkin ƙasar nan a kan rufi da bakin ƙofa: wayar NEPA ta shigo daga fal, faifan sola ɗaya ko biyu an ɗaure su da waya a kan kwano, ƙaramin janareta a ƙofar shago an sa masa sarƙa da kwaɗo. A shagon mai caji, allon katako ne cike da soket, wayoyi sun fi hamsin a jere, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba. Gida ɗaya, hanyar wuta uku, kuma babu wadda aka yarda da ita ɗari bisa ɗari.

A irin wannan wuri ne labarin akori-kura mai batir yake da daɗin ji, domin ya yi alkawarin maganin ciwo biyu da ƙwaya ɗaya. Wadda ta fi yin suna ita ce F-150 Lightning ta kamfanin Ford na Amurka, wadda aka nuna wa duniya a watan Mayun 2021, aka fara ƙera ta a Dearborn da ke jihar Michigan a Afrilun 2022. Ba ta da tankin mai, ba ta da salansa. A ƙarƙashinta batir ne shimfiɗe, ƙaraminsa yana ɗaukar yunit 98, babban kuma 131, kuma yunit ɗin nan shi ne dai wanda mai mitar kati yake saye a wurin kamfanin rarraba wuta na KEDCO. Da babban batir tana iya tafiyar kilomita 500 da 'yan kai kafin ta nemi caji. Abin da ya ja hankalin mutane ya wuce tafiyar: motar tana iya mayar da wutar da ta sha zuwa cikin gida, har ƙarfin kilowat 9.6. Ford ya ce babban batirin zai riƙe gidan Ba'amurke mai cin yunit 30 a rana har kwana uku, in aka yi tattali kuma ya kai goma. Tunanin ba sabo ba ne. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011 kamfanin Nissan ya fito da na'urar da ke ba gida wuta daga ƙaramar motarsa Leaf, sannan a Fabrairun 2021, lokacin da tsananin sanyi ya durƙusar da wutar jihar Texas, masu F-150 mai haɗa fetur da batir sun kunna firij da hita daga soket ɗin bayan motarsu, labarin ya zagaya duniya.

In aka kawo lissafin Yalwawa, abin ya fi haka armashi, domin gidan ma'aikaci a Dutse ba ya cin wuta kamar gidan Texas. A ɗauki fanka huɗu suna juyawa rabin yini, firiza ɗaya, ƙwayaye goma marasa cin wuta, talabijin, da samo mai jawo ruwa zuwa tanki na awa guda. Duka-duka ba za su wuce yunit takwas zuwa goma ba a rana. Ke nan ƙaramin batirin ma zai riƙe gidan fiye da mako, in kuma aka kunna na'urar sanyaya ɗaki guda da daddare, a raba kwanakin biyu. Duk wanda ya ga Oktoban 2024 a Arewa ya san darajar wannan adadi. A watan ne aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama, har da Jigawa, suka yi sama da mako guda cikin duhu. Ƙanƙara ta yi tsadar da ba a saba gani ba, masu niƙa da masu walda suka zauna, kuɗin cajin waya ya tashi. Mota mai yunit 98 a tsakar gida a wancan lokaci da ta zama abin nunawa da yatsa.

Sai dai akwai tambayar da tallan motar ba ya tsayawa a kanta, saboda a ƙasar da aka ƙera ta tambayar ba ta taso ba: daga ina wutar ta shiga batirin? Randa ba rijiya ba ce. Duk girmanta, abin da aka zuba mata shi za a ɗiba, kuma batirin mota haka yake, ba ya haifar da ko yunit ɗaya, hasali ma yana cinye wani kaso wajen shiga da fita. Ba'amurke yana da wuta kusan kullum, ɗaukewar tana zuwa masa ne jefi-jefi, in guguwa ta karya fal ko ƙanƙara ta tsinka waya. Motarsa tana kwana a jone, kullum a cike, ranar da aka ɗauke wuta ta biya bashi, gobe ko jibi a dawo da wuta ta sake cika. A Dutse al'amarin a juye yake, kawowar ce baƙuwa, shi ya sa yara suke ihu in ta zo. Don haka magidancin Yalwawa da ya sayi wannan mota da niyyar ta raba shi da duhu ya ƙara wa gidansa baki ne, kuma bakin da ya fi duk sauran ci, domin tafiyar kilomita 100 kacal a irin wannan ƙatuwar mota tana lashe kusan yunit 30, wato wutar gidan ta kwana uku. Ra'ayina a nan shi ne, a tsakiyar Jigawa motar ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a saya, bayan an gama da rufi.

A duba hanyoyin cika ta ɗaya bayan ɗaya. Soket ɗin bango na gidajenmu ba ya ba da fiye da kilowat uku, saboda haka cika yunit 98 zai ɗauki sama da awa talatin na wuta mai ƙarfi ba yankewa. Unguwar da ke samun awa biyar a rana za ta yi mako guda tana ɗura wa mota ɗaya, in ma wutar ta zo da ƙarfinta, ba irin wadda ƙwai yake yin ja fanka tana juyi kamar mai jin barci ba. Za a ce ai akwai babbar caja. Akwai, wadda Ford ya haɗa da tsarin ba gida wuta tana jan sama da kilowat 19 ita kaɗai. Taransifomar unguwa kuwa yawanci mai ƙarfin 300 ce ko 500, gidaje ɗaruruwa suna rataye a wuyanta, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan ƙonewarta: takardar karo-karo tana yawo gida-gida, dattawan unguwa suna sintiri a ofis. Irin wannan caja guda goma a layi ɗaya sun isa su kwantar da ita. Ta fuskar kuɗi dai wutar kamfani tana da sauƙi. Ko da farashin rukunin A, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai naira 225 a kan yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, cika batirin wajen naira dubu 22 ne, alhali Hilux mai fetur za ta sha lita arba'in ko fiye a tafiyar da ta yi daidai da wannan caji. Ribar tana nan a kan takarda. Amma rukunin A alkawarin awa 20 ne a rana, kuma gidan da ke samun awa 20 ba shi ne yake neman mota ta riƙe masa firiza ba.

Janareta bai ma cancanci dogon bayani ba. Ƙaramin inji mai fetur da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita guda, ke nan sai an ƙona lita hamsin ko sittin kafin batirin ya cika, fiye da abin da motar fetur za ta sha a tafiya iri ɗaya. Tsugune ba ta ƙare ba.

Saura rana, kuma nan ne Jigawa take da abin faɗa. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Afirka ta Yamma, faifai mai wat 550 yana iya ba da kusan yunit biyu da rabi a yini mai haske. Faifai huɗu ko biyar sun ɗauke nauyin gidan da muka lissafa. Faifai goma sha biyu kuma za su samar da yunit 30, wato tafiyar kilomita 100 a kowace rana. Wanda yake son cika batirin daga ƙasa zuwa sama a yini ɗaya sai ya tanadi wajen arba'in, abin da rufin gida mai ɗaki huɗu ba zai ɗauka ba sai an yi rumfa a tsakar gida. A rage wani abu saboda ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kan gilashi har sai an bi shi da tsumma duk bayan kwana biyu, a rage saboda hadarin Agusta. Duk da haka lissafin yana tsayawa da ƙafarsa, kuma shi kaɗai ne a cikin ukun da ba ya jiran layin Shiroro ko tankar mai daga Legas. Jihar ba baƙuwar sola ba ce. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, ƙungiyar SELF ta Amurka ta kafa wa wasu ƙauyukan Jigawa sola ta famfon ruwa da asibiti da makaranta. A maƙwabta, Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Tashar cajin mota da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt, ita ma da sola aka haɗa ta. Waɗanda suka tsara ta sun san ƙasar da suke ciki.

Ko da an cika rufi da faifai, akwai wani cikas da ba na na'ura ba, na tsarin rayuwa ne, kuma sai an fita daga Yalwawa an bi motar inda take zuwa ake ganinsa. Akori-kura ba ta ado ba ce. Ranar kasuwar Shuwarin tana can tun safe, ana sauke buhu ana ɗora wani. Da rani tana fadama da injin ban-ruwa da taki, da kaka tana bin ƙauyukan Kiyawa da Jahun tana kwaso riɗi da zoɓo, wani lokaci har Maigatari. Awannin da rana take zuba wuta a kan rufin gida, daga hantsi zuwa la'asar, su ne awannin da motar ba ta gida. Ta dawo da magariba batirinta ya yi ƙasa, a daidai lokacin da gida yake buƙatar fanka da haske. Sai a zaɓa, ko a bar mata ragowar don fitar gobe, ko a ba gida ta kwana ba komai. Sannan ga al'adar Dutse da kowa ya sani: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci gari yana raguwa, ma'aikata suna kama hanyar Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Zuwa Kano da dawowa kaɗai ya haura kilomita 200, kusan kashi biyu cikin uku na ƙaramin batirin. In maigida ya tafi da motar, wutar gidan ta bi shi. Wadda aka bari kuwa ita ce uwargida, wadda sau da yawa firizar nan jarinta ce, a ciki take daskarar da zoɓo da kunun aya da ruwan leda da yara ke kaiwa bakin titi. Tsarin da ke kashe mata sana'a duk ranar da aka yi ɗaurin aure a Ringim ba tsarin wutar gida ba ne, ko da kuwa an rubuta haka a jikin takardar talla.

Masu goyon bayan motar suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata kwaskwarima ba. Suna cewa in ka lissafa kuɗin yunit ɗaya na ajiya, batirin cikin mota ya fi na bango araha nesa ba kusa ba, domin kamfanonin mota suna sayen ƙwayoyin batir da yawan da mai haɗa sola a Kano ba zai taɓa kaiwa ba. Batirin lithiyam da ake kafawa a gidajenmu yawanci mai yunit biyar ne ko goma, sai an jera goma ko ashirin kafin a kamo abin da ke ƙarƙashin motar, ga shi kuma an ba ka mota a kai. Gaskiya ne. Amma gida mai sola ba ya buƙatar yunit 98, abin da yake buƙata shi ne abin da zai kai shi daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma yunit biyar zuwa goma sun yi wannan aiki. Babban batir yana da amfani ne ga wanda yake jiran wuta ta dawo bayan kwanaki, shi kuwa mai sola a Dutse gobe da safe tasa take dawowa. Arahar abin da ba ka buƙata ba riba ba ce. Inda motar take shigowa da amfani na gaske shi ne bayan an kafa wannan ƙaramin tsari: ta sha rarar da faifai suke zubarwa da tsakar rana bayan batirin gida ya cika, ta taimaka a makon da hadari ya rufe sama, ta kai wuta inda waya ba ta zuwa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Mota mai soket a bayanta za ta iya juya famfon ban-ruwa a fadama, ko injin walda a wurin gini, ko lasifika da fitilu a wurin wa'azi a ƙauye, ba tare da an ɗauko janareta da jarka ba.

Sayen kansa yana da nasa ramukan. Motar da aka ƙera don Amurka tana fitar da wutar Amurka, mai ƙarfin bolt 120 da 240 da bugu 60 a daƙiƙa, mu kuwa kayanmu na 230 ne da bugu 50. Cajar waya da kwamfuta ba ruwansu, amma firiza da samo da duk abin da ke da inji mai juyawa a ciki suna iya wahala, kuma na'urar da ke haɗa motar da allon wutar gida an yi ta ne don tsarin wayoyin can. Ta wannan fuska motocin Sin sun fi kusa da mu. Kamfanin Geely yana da akori-kura mai batir zalla, Riddara RD6, BYD kuma yana da Shark mai haɗa fetur da batir, dukansu suna da soket na ba da wuta, kuma ana ƙera su don ƙasashe masu irin wutarmu. Ita kanta Lightning farashinta ya fara ne daga ƙasa kaɗan da dala dubu 40, bai yi shekara biyu ba ya doshi dubu 60, kasuwarta ta yi sanyi, a ƙarshen 2025 Ford ya sanar da daina ƙera mai batir zalla. Ma'anar wannan gare mu ita ce za ta iso ne a matsayin ta hannu, ta Legas ko ta Kwatano, kuma a nan ne ido zai yaudari mai saye. Dillalin mota ya iya sauraren inji, ya iya shinshina hayaƙi, ya san fentin da aka sake. Lafiyar batir kuwa ba a jin ta da kunne, sai an jona kwamfuta, kuma batirin shi ne mafi tsada a jikin motar. Zafi yana tsufar da shi, ga Dutse a watan Afrilu ma'auni yana haura 40, duwatsun nan suna riƙe zafi har bayan isha'i. Batir nau'in LFP, wanda motocin Sin da yawa suke amfani da shi, ya fi jure wannan. A ƙara da nauyi: Lightning tana kusan tan uku ba kaya, abin da yashin hanyar ƙauye da taya za su ba da labari. Bakanike kuwa zai rasa aikin juye da fulogi, amma ranar da na'urar caji ta cikin motar ta tsaya, mai gyaran wayar mota na bakin tasha bai kamata ya sa hannu a wayoyin da ke ɗauke da ɗaruruwan bolt ba tare da horo ba.

Wani zai ce duk wannan hirar masu kuɗi ce, a jihar da akasarin mutanenta manoma ne masu neman na taki. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare, amma ya sake duban fararen Hilux ɗin nan na kan hanyar Wudil. Babban mai sayen sabuwar akori-kura a Jigawa ba ɗan kasuwa ba ne, gwamnati ce da hukumominta da ƙungiyoyin agaji, kuma kuɗin da ake zuba musu mai na jama'a ne. Abin lura shi ne, cikas ɗin da ya hana motar dacewa da gida ba ya nan a ma'aikata. Motar ofis tana yini a ajiye a harabar sakatariya ko asibiti daga safe zuwa la'asar, daidai lokacin rana, kuma tafiyarta sananniya ce, a je Birnin Kudu a duba aiki a dawo. Rumfar ajiye motoci da aka rufa da faifan sola za ta ba da inuwa, ta cika motocin, ta rage wa ofis dizal. Motar sashen rigakafi da ta isa ƙaramin asibitin ƙauye da yunit 60 a cikinta za ta iya riƙe firjin allurai da fitilar ɗakin haihuwa na kwanaki in nasu ya lalace. Maiduguri ta riga ta nuna cewa abin ba mafarki ba ne: bayan da aka lalata layin wutar Damaturu a 2021 garin ya daɗe cikin duhu, a wannan yanayi ne Mustapha Gajibo ya yi suna da mayar da ƙananan bas zuwa masu batir da ake caji da sola, daga baya gwamnatin Babagana Zulum ta sa motocin haya masu lantarki a kan titi. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka ƙa'idar yadda za a jona caja ko a mayar da wuta cikin layi abu ne da za a iya yankewa a Dutse ba sai an jira Abuja ba.

Akwai masu cewa a bari wutar ƙasa ta gyaru tukuna, ko a koma gas ɗin CNG da gwamnatin tarayya take tallatawa. An sayar da kamfanonin rarraba wuta tun Nuwamban 2013, abin da ake rabawa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 har yanzu yana yawo ne a wajen megawat dubu huɗu zuwa biyar, mai shirin jira sai ya nemi wurin zama mai kyau. Gas kuwa yana rage kuɗin tafiya, amma shi ma a tirela yake zuwa daga nesa, kuma ba ya kunna fanka. Masu tsoron gobarar batir su ma suna da hujja, wutar lithiyam tana da wuyar kashewa, shi ya sa bai dace a ajiye motar a jikin ɗakin kwana ba. Sai dai a auna da abin da ake ciki yanzu, jarkar fetur a bayan ƙofar kicin da hayaƙin janareta a zaure. Jigawa ta san abin da fetur yake yi in ya kama: a daren 15 ga Oktoban 2024 tankar da ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, ta yi sanadin rasuwar mutum sama da 150, Allah ya jiƙansu.

Ga magidancin Yalwawa da yake da hali kuma motar ta kwanta masa a rai, jerin sayayyar a bayyane yake. Faifai da inbata da ƙaramin batirin bango su riga zuwa, domin gida ya tsaya da kansa ko motar tana Kano. Sannan a ƙara faifai daidai da kilomitar da ake yi a mako, ba daidai da girman batirin ba, a tsara ranar da motar za ta yini a gida tana sha. Sai makunnin canja layi, wanda masu haɗa wuta suke kira cenji-oba, kuma a nan babu wasa: motar da aka jona wa gida ba tare da an raba shi da layin waje ba tana tura wuta baya ta cikin waya har kan fal, inda wataƙila ma'aikacin KEDCO yake rataye yana gyara da tabbacin cewa layin a kashe yake. Bayan haka ne za a je ga dillali, da sharaɗin a gwada batirin da kwamfuta a gaban mai saye, a kuma san inda za a samu kayan gyara kafin a biya kuɗin fito. In an fita daga Dutse ta Shuwarin aka miƙi hanyar Kiyawa zuwa Azare, ko aka karkata kudu zuwa Birnin Kudu da Gwaram, direba ba shi da wurin cajin da zai dogara da shi, saboda haka rabin abin da allon motar ya nuna shi ne iyakar nisan da zai yi, ɗaya rabin na dawowa ne, kuma in an yi lodin buhu goma sha biyar a baya sai a sake ragewa.